Mutanen Koriya a Rumfar Hajo

"Lahiya lau muka kwana, sai da kaz zo," in ji kakarmu Hajo, ba ta ko ɗago kai daga tsinkar zogale ba.

Yayana Lawwali ya jingine babur jikin danga yana dariya. Ni Safiyatu ina gindin turmi, kunnena na wurinsu. Shekarar nan ruwa ya ɗauke mana a Kamarawa gero na tsakar fidda kai, bara ma haka. Kakanmu Baba Na'Allah ya kai shanun nomansa kasuwa don babu abin ba su, kuma tun da ya dawo bakinsa ya mutu. Sallama kawai, sai salla. Tuwo ma taɓawa yake ya ture, kuma wallahi tsoro ya kama mu. Shi ne Lawwali ya sa aka tura fim ɗin faɗa mai fassarar Hausa a tsohuwar wayarsa, ko tsoho zai yi dariya. Mai turawa ya yi kuskure, ya tura wani daban.

Lawwali ya dubi Hajo ya ce, "Amarya, miƙo wayar nan. Za ni Sabon Birni in sa a goge shirmen da anka zuba ciki."

"Shirme kam ka kawo shi. Miji anka aika sayen fim, yad dawo da zaman makoki. Tun hwarko har ƙarshe ba a mari kowa ba. Ko kaza ba ta ruga ba."

"Mutanen Koriya ne. An ce labari uku ne ciki, kowane hira ce."

"Hirar mi? Su zauna, su kalli kofi, kofi ya kalle su. Shayi ba ko burodi. Halan su ma ruwa ya ɗauke musu."

"To kawo, in sauya miki da mai bindiga."

"Bindiga ba ta ishe mu a dajin nan ba, sai ka kawo min ita ɗaki?"

"To mai rawa."

"Wa zai yi rawar, kai? Da ƙafafun nan kamar na zalɓe?"

"Ƙafafun nan kika gani kika nace min. Hajo, kin ce fim bai da kyau, kin kuma zauna kan waya kamar kaza kan ƙwai. Ga ta can ƙarƙashin zanenki."

"Ɗumi nike ji."

"A wannan zafin?"

Nan na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, ki gaya masa, ko ni in gaya masa."

Ta harare ni. "Ke da anka sa daka." Sai ta ture faifan gefe, muryarta ta sauka.

"Jiya bayan la'asar na kunna shi nan rumfa. Kakanka na kwance kan tabarma, ya ba mu baya. Tunda ba mai jin yarensu, sai na riƙa fassara ma Safiyatu."

"Ke? Yaushe kika je Koriya?"

"Tun kana tsumma. Na farko mata biyu ne, na ce gulmar maƙwabciya suke. Na biyu saurayi da budurwa kan benci, na ce rowa tac ce yana da ita, irin taka."

"Na gode."

"Na ukun wani dattijo ne da matarsa bakin taga. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, kana ya yi magana doguwa, a hankali. Na ce cewa yake miya ba gishiri. Sai muka ji murya bayanmu: 'Ba haka yac ce ba.'"

Lawwali ya daina wasa da makullin babur. "Wa?"

"Wa kake zato, akuya? Ashe ya juyo tun ɗazu yana kallo. Ya ce, 'Cewa yake, ya sai da abin da bai so saidawa ba, ya dawo da igiya a hannu, yanzu kunyar haɗa ido da ita yake ji.'"

"Ke kuma kika ce mi?"

"Ni ban ce komi ba. Matar cikin waya ce ta yi magana, ni fassara kawai na yi."

"To mi tac ce?"

"Tac ce ita ba shanu ta aura ba. Tac ce ya tashi ya ci tuwo kar ya sa ta takaba da tsufanta, don yaron da ke jiran gado ba shi da ko sisi, sai babur mai tari."

Lawwali ya yi dariya, amma na ga ya juya yana goge ido da hularsa. Ni shaida ce, Baba ya cinye tuwon nan tas, har ya ce a ƙara miya. Ban taɓa jin daɗin wanke akushi irin na jiya ba.

"Ashe ba a gogewa ke nan," in ji Lawwali.

"Goge shi ka gani, in sake ka yau."

"Mace ke saki?"

"A Koriya haka ake yi. Ni na ji da kunnena."

"Na sallama, Amarya. Kin ci."

Ta miƙa hannu bayan randa ta jawo ɗan ƙoƙo. Ƙwan zabuwa ne, wanda take ɓoyo tun da abinci ya yi wuya, ko ni ba ta nuna min wurin ba.

"Ungo. Rabi naka, rabi ka kai ma yaron da ya yi kuskuren nan, ka ce wata tsohuwa a Kamarawa ta gode. Kai ma Allah shi yi maka albarka, mummuna."

Bai kai ga amsawa ba muka ji gyaran murya daga ɗakin Baba.

"Hajo, in kin gama da mijin naki, kawo wayar. Matan nan na farko ma ba gulma suke ba."