Ragon da Ya Shekara Uku a Kotu

Shekara ashirin da shida maigidana ya yi yana alƙalanci a kotun tarayya, kuma a tsawon wannan lokaci ko ƙwayar goro ba ta taɓa shiga gidana daga hannun mai ƙara ba. Ina faɗin haka ne domin har yau akwai matan unguwarmu da ke rage murya idan na shigo gidan biki, suna batun ragon nan. Ga yadda al'amarin ya kasance.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah muka wayi gari da wani farin rago ɗaure a ƙofar baya, wadda ni kaɗai ke riƙe da makullinta. Babu takarda a wuyansa, ba a kuma ga wanda ya kawo shi ba. Kafin azahar magana ta zaga unguwa cewa matar alƙali ta buɗe tata kotun a bayan kicin. Na shaida wa maigidana, Mai Shari'a, cewa sunana ba zai wanku ba sai an gano wanda ya aiko dabbar nan, an mayar masa da ita a bainar jama'a.

Bai ɗauki maganar da wasa ba. A lokacin ƙara arba'in da uku ce a gabansa, saboda haka ya ba da umarni a riƙa kai ragon kotu kowace safiya, ya jira a baranda tare da masu ƙara, sannan a shigo da shi kafin kowace shari'a a tambayi ɓangarorin biyu ko sun san shi. Kowa ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Aka buɗe masa fayil. Aka ɗage batunsa zuwa bayan hutu, aka sake ɗagewa saboda magatakarda ya tafi Umara, aka kuma ɗagewa saboda ragon ya cinye rabin fayil ɗin nasa. Har ta kai idan aka ce kowa ya tashi, shi ke riga lauyoyi miƙewa.

A shekara ta uku, wata Talata, ina zaune a layin gaba a cikin kotu, ragon ya fizge igiyarsa daga hannun masinja, ya ratsa lauyoyi, ya je ya ɗora kansa a cinyar wani dattijo. Alhaji Tanimu ne, ɗan kasuwar da aka tsare wa kwantenar kekunan ɗinki a tashar jiragen ruwa. Na gyara mayafina, na yi hamdala a zuci.

Mai Shari'a ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, kotu ta lura ragon nan ya san ka. Ka san hukuncin wanda ya aika wa alƙali toshiyar baki?"

Dattijon ya miƙe cikin ladabi ya ce ya sani sarai, amma shi bai aiko da kome ba, kuma a nan harabar ya fara ganin dabbar.

"To, a ina kuka yi irin wannan sabo?"

"Ranka ya daɗe, shekara uku ke nan muna jira a baranda ɗaya, ana ɗage mu rana ɗaya. Duk kotun nan, shi kaɗai ne ya taɓa sauraron ƙarata daga farko har ƙarshe."