Gaisuwar Suruki a Kilomita na Talatin da Tara

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi ba, ko da kuwa matata Rabi ta daina tuna mini (ba ta ma da niyyar dainawa).

Tumbi ne ya jawo komai. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in rage tuwo in riƙa motsa jiki. Na fara gudu bayan sallar asuba. Ranar farko ko ƙarshen layinmu ban kai ba na jingina da katangar wani ina haki, har mai gidan ya leƙo yana tambaya ko kare ne ya biyo ni. Amma na nace. Cikin wata uku ina yin kilomita biyar ba tsayawa, a wata na shida na kai goma. Daga nan kai ya fara girma. Na je Katsina na sayo keken tsere na hannu mai siraran tayoyi, na haɗa da hular kwano, da wani ɗan baƙin wando mai manne wa jiki, wanda in ka saka shi ba ka da sauran sirri.

Rabi ta ɗaga wandon da yatsu biyu ta ce, "Ka yi duk abin da za ka yi, amma kada Baba ya gan ka cikin wannan."

Baba shi ne mahaifinta, Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi a nan Jibiya. Shekara tara da aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Na kuma samu labari ya ce bai gane magidancin da zai riƙa gudu ba wanda ya kore shi ba. Ɗan mutuncin da ya rage mini a idonsa shi nake lallaɓawa, don haka kullum sai na ɗora jallabiya a kan wandon, in na fita bayan gari in cire in ɗaure a baya.

Ran nan na ƙudura zan yi kilomita arba'in a keke, abin da ban taɓa yi ba. Rabi ta ce Baba yana Maraɗi, sai na bar jallabiyar a gida, wai kada ta yi mini nauyi (jallabiya fa, ba bargo ba). Na bi hanyar Riko na juyo, na miƙe wajen boda. Ruwana ya ƙare tun a kilomita talatin, cinyoyina suna zafi, amma ina ta yabon kaina a zuci.

Saura kilomita ɗaya, daidai inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a duba su, na hango mutane a kan tabarma a gindin bishiyar bedi. A tsakiyarsu Alhaji ne, ya dawo da wuri yana jiran motar kayansa. Na sunkuyar da kai zan wuce, ai da hula da tabarau ba mai gane ni. Sai na ji wani daga cikinsu ya ɗaga murya: "Alhaji, wancan ba surukinka ba ne?"

Na ja birki. Na jingine keken, na zo na durƙusa har ƙasa, ina ta jan bakin wando wanda ba ya jawuwa.

"Baba, ina kwana. An dawo lafiya?"

"Lahiya lau, Malam. Ya iyali? Ya yaran?" Idonsa na kan reshen bedi, don kada ya kalle ni. Muka yi gaisuwa har ta ƙare, ya ce, "To madalla. Tashi mana."

Na yunƙura, ƙafafu suka ce ba su san zance ba. Jijiyoyin cinya da na sha-raɓa duk sun ɗaure tamau, zafin har cikin ƙwaƙwalwa. Na sake yunƙurawa, shiru. Kuma da wane baki zan ambaci cinyata a gaban surukina? Sai na ci gaba da durƙuso, kai a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓata.

To kowa ya san in suruki ya gama gaisuwa bai tashi ba, akwai magana a bakinsa. Alhaji ya dubi abokansa ya ce, "Ku ɗan ba mu wuri." Suka tashi suka koma bayan wata mota, inda za su ji komai. Ya matso ya rage murya.

"Mi yarinyar ta yi maka? Hwaɗa mani, kada ka ji nauyi."

"Ba komai, Baba," na ce, muryata na rawa.

"Ba komai kana kuka? Malam, shekara tara ban taɓa jin kanku ba. Ko mi ne ne, ka yi haƙuri, ni zan yi mata magana."

Muryarsa ita ma ta fara rawa. Nan tausayinsa ya kama ni fiye da kunyata, dattijo yana ba ni haƙuri a kan laifin da ba a yi ba. Na ce, "Baba, wallahi Rabi ba ta yi komai ba. Ƙafata ce ta ƙi miƙewa." Ina rufe baki na kife gefe guda, gwiwoyi a naɗe kamar kazar da aka ɗaure za a kai kasuwa.

Alhaji bai yi dariya ba (abokansa ne suka yi a madadinsa). Ya jawo wani buhun gero da ba komai ciki ya rufa mini daga ƙugu zuwa gwiwa, sannan ya kama ƙafata da hannunsa ya riƙa ja yana murza sha-raɓar, yana cewa a kawo ruwa. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ga tafin ƙafata a kan cinyarsa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

Da jijiyar ta saki, ya ce, "Wai tahiyar nawa ka yi niyya?"

"Kilomita arba'in, Baba. Saura ɗaya."

"Saura guda? To tashi ka ida, namiji ba ya barin aiki saura kaɗan. Amma tahi da buhun. Kuma daga yau in kana bisa wannan abu, ɗaga hannu kurum ka wuce, na yahe maka durƙuso."

Haka na cika kilomita arba'in ɗina na farko, da buhun gero ɗaure a ƙugu, direbobi na yi mini oda. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Rabi a zaure tana share hawayen dariya.

Yanzu ina yin sittin, tumbin ya tafi, jallabiya kuwa ko Alhaji yana Makka tana bayana. Na kuma gane cewa duk horon da ba a sa gaisuwar manya a ciki ba, ba na mutumin Jibiya ba ne. Shi ya sa in na sauka daga keke nake durƙusawa in tashi sau ashirin a tsakar gida, Rabi na zaune a kujera tana amsawa da muryar Baba: "Lahiya lau, Malam. Tashi mana."