Rasuwar Baraka, Motar da Ba Ta Yi Jinya Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tambayoyin da har yanzu ba wanda ya amsa mini, ni Alhaji Sama'ilu, tsohon malamin gona mai ritaya a nan Kazaure, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, wadda kowa ya sani da Baraka. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce a hanyar dawowa daga Gwiwa, ba a hannuna ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan maganar ta ƙarshe.

Marigayiyar ta shekara ashirin da 'yan kai a gidana. Doguwa ce, mai faɗin ƙirji, ruwan toka. Ta kai mu Roni gaisuwa, ta kai mu Babura biki, ta ɗauko buhunan gero daga Kanya Babba a but ɗinta ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Da safe in na murɗa makulli takan ce kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce gurrum, unguwa ta san na fito. Hon ɗinta ya dishe tun tuni, fiiƙ kawai yake cewa, amma awakin Kazaure sun san shi, suna ba shi girmansa.

Ta rasu ta bar ni, da uwargidana Hajiya Halima Sa'adiyya, wadda ta yi duk shekarun nan a kujerar gefena tana cewa ga rami, ga mai babur, alhali na riga na gan su. Ta bar safaya ɗaya, da jak, da tsumman goge gilashi, da inuwar darbejiyar da take kwana ƙarƙashinta.

Game da rashin lafiyarta, ina so jama'a su sani cewa ba ta yi ba. Lafiya lau ta kwana. Abin da ya faru shi ne, ƙanen Hajiya, wato Maikasuwa dillalin motoci, ya aurar da 'yarsa, ya zo aron Baraka don kai amarya Gwiwa. Wa yake hana motar kai amarya? Na ce bari in saka babbar rigata in tuƙa. Sai ɗana Nafi'u, wanda ya baro aikinsa a Dutse don bikin, ya durƙusa ya ce ai ni ne waliyyin amarya, bai kamata a ga waliyyi a bakin sitiyari yana jigilar mata ba, mutanen Gwiwa za su raina mu. Maganar ta yi kama da gaskiya. Na miƙa makulli ga Rilwanu, ɗan ƙanwata, magidanci mai 'ya'ya uku da ba shi da aikin yi. Baraka ta fita da ƙafafunta, ta dawo da yamma ana jan ta da igiya.

Daudu bakanike ne ya tabbatar da rasuwar. Wallahi ko bonet bai buɗe ba. Ya zagaya ta, ya dafa rufinta, ya girgiza kai, ya ce injin ya tafi sai haƙuri. Yana faɗa yana kallon Nafi'u. Ni dai ban taɓa ganin likitan da ke duba mara lafiya yana kallon magada ba.

Ba mu gama karɓar gaisuwa ba, jikinta ma bai huce ba, sai ga Nafi'u ya matso kan tabarma da wayarsa, wai in duba motoci uku da ke wurin Maikasuwa in zaɓa. Ta farko baƙa ce, kujerunta na fata, sanyinta har baya yake kaiwa. Ta biyu ba ta shan mai, kayan gyaranta ko a Kazaure akwai, kuma in an tashi sayarwa ba ta zubar da daraja. Ta uku ita ke canza giya da kanta, tana da ido a bayanta, in za ta taɓa bango sai ta yi ƙara. Da aka zo kan maganar bango kowa ya sunkuyar da kai. Ina so in faɗa a nan, a gaban jama'a, cewa katangar makwabcina a karkace aka gina ta, tunkiyar hanyar Roni kuwa ita ta zo ta same ni.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. A hoton baƙar motar, can bayanta, ga ragon Maikasuwa a ɗaure, mai baƙin kunne. Ragon nan da Babbar Sallah muka ci namansa, har aka aiko mini da cinya. Ke nan ana gwada magajiyar Baraka tun tana da ranta, tana kai mu unguwa. Kuma wai ni ne idona ya yi rauni!

Na kuma lura da wani abu. Duk yabon da aka yi wa motocin nan uku, na gidan baya ne: faɗin wurin miƙe ƙafa, matashin jingina kai, wurin ajiye gorar ruwa. Ba wanda ya gaya mini yadda sitiyarin ko ɗaya yake a hannu. Da na tambaya, Maikasuwa ya ce, "Yaya, ai kai ka wuce nan, hutawa za ka yi." Nafi'u ya ƙara da cewa duk wadda na zaɓa, da Rilwanu za ta zo. Na dubi Hajiya, ita kuma ta dubi darbejiya. Nan na gane ba motar kaɗai aka zo binnewa ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ban zaɓi ko ɗaya ba tukuna. Na ce ina cikin takaba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan sallar la'asar. Za a tashi daga ƙofar gidana zuwa wurin 'yan gwangwan da ke bayan tasha. Akori-kurar Maikasuwa ce za ta ja gawar, tunda shi ya fi kowa sanin yadda ta mutu. Ana roƙon Daudu ya tsaya daga nesa. Kada kowa ya zo da hoton mota.

Kowa ya san motar da ake ja sai da mutum a sitiyari. Rilwanu ya ce zai riƙe, na ce riƙon da ya yi ranar Asabar ya ishe shi. Ni zan kai ta. A tafi a hankali, kuma a ɗaura jan ƙyalle a tsakiyar igiyar, babba, saboda jama'a.

Hajiya ta ce za ta zauna a gefena ta riƙa faɗa mini ramuka kamar yadda ta saba. Ban ce mata ina bukata ba. Amma na ɗauki tsumman nan na goge mata kujerar.