Yadda Ake Komawa Ga Man Shanu Bayan An Ɗinke Maka Ƙirji

An tsaga maka ƙirji, an zaro jijiya daga ƙafarka an yi wa zuciya sabuwar hanya, an sallamo ka da ƙwayoyi da doguwar takardar rejim: ban da man shanu, ban da kitse, ban da soye. Share hawayenka. Ga hanyar da Alhaji Illa, dillalin gyaɗa na Mallawa, ya bi bayan an yi masa wannan aiki a Tunis. Da idona na gani, don tabarma ɗaya muke cin tuwo. Bi ta daki-daki, na yi maka alkawari kafin wata uku leɓenka zai koma sheƙi.

1. Ce wa likita "to"

Ya ce kolesterol, wato kitsen da ke toshe hanyar jini, shi ya kai ka gaban wuƙa, kuma zai iya toshe sabuwar hanyar ma? To. Ƙwaya ɗaya kullum har ƙarshen rai? To. Alhaji Illa ya yi "to" goma sha ɗaya a zama guda, har likita ya yaba da hankalinsa. Kuskurensa ɗaya ne: ya bar matarsa, Hajiya Hinda, ta shiga tare da shi. Kada ka kuskura.

2. Ban da gardama a cikin gida

Za a kawo maka miyar kuka ba ɗigon mai, da kaza an tuɓe mata fata kamar ta yi laifi. Sa albarka, ka ce a kai maka ƙofar gida. A can aikin yake.

3. Riƙe ciyayya da hannu biyu

Bayan magariba mazan unguwa kan shimfiɗa tabarma, kowane gida ya fito da kwanonsa, a haɗa a ci. Ba a taɓa tambayar hannun wa ya shiga kwanon wa ba. Alhaji yakan tura nasa gaban Isufu tela, ya jawo wanda man shanu ya kwanta a kai.

"Isufu, taɓa na Hajiya, yau ta yi ƙoƙari."

"Alhaji, wannan miya ce ko ruwan alwala?"

"Ci dai, haka Turawa ke ci."

Ka riƙe wannan ilmi: man da ba a gidanka aka zuba ba, ba ya cikin rejim ɗinka. Matarka likita ya yi wa magana, ba matan unguwa ba.

4. Ƙwaya ta maras lafiya ce

Kai kuwa ka warke. Amma tunda ana duba katin maganin kowace safiya, ɓalle ɗaya ka sa a aljihu. Isufu na kukan ciwon baya? Ba shi. Rowa ba halin dattijo ba ce.

5. Yi tafiyar rabin awa

Wannan kam ka bi umarnin likita sau da ƙafa. Daga gidan Alhaji zuwa tukubar mai tsire a tasha minti goma sha biyar ne cif. Zuwa da dawowa, talatin ke nan.

6. Ranar kontrol

Kwana biyu kafin a tafi Damagaram a ɗibi jininka, dage da lemon tsami da tafarnuwa. Alhaji ya yi haka, sai dai jini ba ya rufa wa mutum asiri. Likita ya dubi takardar, ya ce kitsen ya fi na kafin aiki, sannan ya dubi Hajiya Hinda.

"Wallahi likita, ko ɗigon mai ban zuba masa ba," in ji ta.

Isufu kuwa tumbinsa ya zube, har ya rage wa wandunansa ƙugu.

7. In ka ga farin yadi a kan igiya

Washegari mun zauna ciyayya, sai ga igiya an ɗaura daf da tabarma, an shanya farin yadi. Kowa ya gane shi: likkafanin da Alhaji ya tsoma a ruwan zamzam ya kawo daga Makka.

Alhaji ya ɗaga murya: "Hajiya, mene ne haka?"

Ta amsa daga cikin zaure: "Iska nake ba shi, Alhaji, kar ya yi warin akwati. Wata shida ina jinyarka, ashe ni kaɗai ke son ka ƙara kwana biyu a duniya. Ku kuma masu tura masa kwano, ku zaɓi mai yi masa wanka tun yanzu."

Ba hannun da ya motsa. Ni kaina kunya ta kama ni. Can Alhaji ya miƙa hannu ya jawo kwanonsa daga gaban Isufu, ya cinye ruwan alwalar tas. Ya laluba aljihu, ya haɗiye ƙwayar a gabanmu.

A wannan mataki ba ni da dabara. Na nema, ban samu ba.

Gargaɗi

Ni ba likita ba ne, ban kuma ce kowa ya gwada ba. In ƙirjinka ya sake riƙewa, kada a ambaci sunana a asibiti ko a maƙabarta. Gaskiya ne kwanon man shanun nan daga gidana yake fitowa, amma ni ajiyewa kawai nake yi. Yanzu ma ba mai a cikinsa, tun ranar da matata ta je gidan Hajiya Hinda tambayar kamu nawa na farin yadi ne zai ishi mai tsayina.