Ranar da Na Nemi Zama Ungozoma

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na gama sakandare ba, don a cikinta ne girman kai ya kai ni inda ko a mafarki ban yi zaton zuwa ba.

Lokacin ni ne gwanin Turanci a layinmu a Daura (ko in ce haka nake ganin kaina). Maƙwabta kan kawo wasiƙa in karanta musu, har na fara yawo da biro biyu a aljihun gaba. Da sakamakonmu ya fito, nawa bai kai na shiga jami'a ba, sai Baba ya ce in gwada wata makarantar kiwon lafiya a Katsina. Na je na karɓo fom, na baje shi kan tabarma a zaure. Ga kwasa-kwasai a jere, an ce mutum ya zaɓi ɗaya. Idona ya sauka kan wata doguwar kalma mai farawa da "mid". Nan take na yanke hukunci cewa ƙanwar "medisin" ce, wato hanyar zama likita ke nan.

Yayata Hajara, malamar firamare, ta leƙo ta ce, "Kawo in duba maka kafin ka mayar."

Na ce, "Yaya, wannan fa ba aikin 'yan aji uku ba ne."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta koma ciki.

Kafin mako ya zagayo, Baba ya gama shaida wa abokansa na kasuwar dabbobi cewa ɗansa zai zama likita. Ni kuwa duk wanda ya ce "Dokta" sai in amsa, har da gyaran murya.

Ranar jarrabawar shiga na sa shaddar Sallah, na aro hular Baba. Ɗakin da takardar jarrabawata ta nuna, mata ne zalla a ciki, hijabi ko'ina. Ban damu ba, tunda a lokacin kusan komai an raba maza da mata. Na zagaya ginin sau biyu ina neman ɓangaren maza, mai gadi ya duba takardar ya sake nuna mini ƙofar nan dai. Na shiga na zauna a kujerar gaba (gaba fa, ba baya ba).

Wata dattijuwar malama mai tabarau ta matso. "Malam, masu rakiya a waje suke jira. Matarka ka kawo ko ƙanwarka?"

"Hajiya, ai ni ne ɗalibin."

Ta karɓi takardar ta duba, ta dube ni, ta sake dubawa. "Ɗana, ka san abin da muke koyarwa a nan?"

Na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce, "Aikin likita!"

"Karɓar haihuwa muke koyarwa. Ungozoma kake son zama?"

Dariya ta ɓarke a ɗakin. Gumi ya jiƙa hular aro sharkaf. Ina juyowa sai ga Binta 'yar maƙwabcinmu ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa. A nan na san tawa ta ƙare a Daura.

Allah ya saka wa malamar nan da alheri. Ta ja ni ofis, ta zaunar da ni, ta fassara mini kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya, aka mayar da sunana sashen gwajin jini. Da rana na rubuta jarrabawarsu, kuma na ci.

Amma labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Baba a ƙofar gida yana alwala. Bai ko ɗago ba ya ce, "Sannu da aiki. Mace aka samu ko namiji?"

Yau ina ɗakin gwaji a wani asibiti a Sandamu, ina son aikina, da shi nake riƙe da iyali. Abokai dai har gobe "Ungozoma" suke kirana, 'ya'yana ma sun fara tambayar dalili. Tun daga ranar, kalmar da ban sani ba sai na tambaya, ko a gaban wa. Kunyar tambaya ba ta wuce minti ɗaya, tawa kuwa ga furfura ta fara fito mini ba ta sake ni ba.