Yadda Ake Gama Littafin Suruki Ba a Karanta Ba

Idan surukinka ya ba ka aron littafin labari mai kaurin bulo, ya ce ka karanta ka zo ku tattauna, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fita kunyarsa ba tare da ka wahalar da idonka ba. Aminina mai gyaran fanka ya gwada su, kuma har yau da aurensa.

1. Karɓa da hannu biyu

Kada ka auna nauyinsa a gaban mai shi. Shafa bangon, ka jinjina kai, ka ce ka daɗe kana neman irinsa. Haka aminina ya yi, mutumin da bai taɓa gama karanta ko takardar cikin kwalin fanka ba. Tsohon har da sa masa albarka.

2. Wahalar da littafin

Littafin da aka karanta ana gani a jikinsa. Lanƙwasa kusurwar wasu shafuka, ka bar shi kwana biyu a teburin aiki cikin wayoyi da kusoshi. Tabon yatsa na baƙin mai a shafi na ɗari uku ya fi rantsuwa. Kullum ka riƙa matsar da tsinken alama gaba. Masana sun tabbatar tsinke ya fi mutum saurin karatu.

3. Karanta shafi goma na farko

Wannan ba makawa, sai haƙuri. Mutanen ciki kake nema. Aminina ya tsinci wani matuƙin jirgin ruwa da ya bar matarsa da ciki ya shiga teku, daga nan barci ya yi gaba da shi.

4. Kada ka tambayi matarka

'Yar gidan ce. Za ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta gaya wa babarsu, labarin ya riga ka isa.

5. Haddace magana uku

“Marubucin nan ya san mutane.” “Tsakiyar ta ɗan ja, amma da dalili.” “Ni dai matar ce ta ba ni tausayi.” Ta ukun ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba, domin ba a rubuta littafin da babu matar tausayi a cikinsa.

6. Bar shi ya yi magana

Ranar Asabar aminina ya zauna a gefen kujera, kai a sunkuye, ya zube ukun a jere. Bisa ƙa'ida nan tsoho zai karɓe zancen, kai kuma ka yi ta gyaɗa kai. Wannan tsohon sai ya tashi ya tura ƙofar falo, ya dawo ya rage murya.

“Ɗana, ni a shafi na ɗari biyu idona ya tsaya, shekara uku ke nan. Tabarau ya daina yi min aiki, kuma ina jin nauyin sa 'ya'yana su karanta min labarin soyayya. Faɗa min, matuƙin nan ya dawo gida?”

7. In an kai nan, zaɓi alheri

Aminina ya ji tausayi ya kama shi. Ya ce, “Ya dawo, Baba. Har ya ɗauki ɗansa.”

Tsohon ya share ido da hannun riga, ya ce shekara uku yana ɗauke da mutumin nan a ransa. Sannan ya roƙi alfarma ɗaya: aminina ya riƙa zuwa duk Asabar yana karanta masa daga inda ya tsaya, yana so ya ji dawowar da kunnensa.

8. To, yanzu sai ka karanta

Kwana huɗu aminina ya yi a shago da littafin a cinya, masu fanka na zuwa suna komawa da zafinsu. Ya ji daɗinsa ƙwarai, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Kuma matuƙin bai dawo ba.

Yanzu a karatunsu na Asabar saura musu shafi talatin su isa wurin. Aminina ya sayi littafin rubutu, yana tsara sabon babin ƙarshe da zai cusa a cikin littafin tsohon, duk wanda ya shigo shago sai ya tambaye shi yadda ake tsayar da jirgi a gaɓa.

Sanarwa

Mai wannan shawara ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya, kada a neme shi a gida ko a waya. Marubuci ne ya nutsar da matuƙin, kai ka ce ya dawo. Sai ka san yadda za ka kawo shi gida kafin Asabar, tsoho yana jira.