Yadda Za Ki Hana Ƙanen Miji Cire Miki Memuwar

Ƴar'uwa, bi matakan nan, na yi miki alkawari ba mai kwance miki ordinater, wato kwamfuta. Zalihatu ta Dogon Dutsi ta gwada su ranar da Illo, ƙanen mijinta, ya dawo daga Yamai da ƙarfen kwance kusa a aljihu.

1. Ki firgita da wuri

Illo ya ce, "Matar Yaya, injin ga naki ya cika nawa. Bari in hidda memuwarki in sa sabuwa mai gudu."

Memuwar ɗaya Zalihatu ta sani: littafin kammala karatun ungozoma, wanda ta buga da hannu ɗaya jaririyarta Hidaya na shan nono, ga shi jibi za ta kare shi gaban malamai. Ta rungume injin. Ke ma haka za ki yi, tambaya daga baya.

2. Ki cika masa hannu

Ɗora masa jaririyar. Mai riƙe da ɗiyar wansa ba ya kwance kusa. Amma ki tallafe mata wuya tukuna.

3. Ki bar shi ya yi bayani

Da ta ce kada ya taɓa mata littafi, Illo ya yi dariya. "Ba waccan ba, baƙauya! Wagga ƴar falle ce da inji ke aje aikin da ke hannunai. Daga nan bus ke kwasa ya kai ma purosesar, ƙwaƙwalwar injin."

Kada ki yarda. Amma ki riƙe kalmar da kika gane.

4. Ki tsaya kan bus

Zalihatu ta ce, "To bus ɗin nawa, sabo na?"

"Tsoho na."

"Kai da ka taho da tsohon bus daga Yamai, gaggawarka ta sa direba ya ƙara wuta?"

Illo ya koma jijjiga Hidaya. Ashe haka abin yake: memuwar da ta fi bus gudu saukowa take ta bi tafiyarsa. Zalihatu ba ta san ta faɗi daidai ba. Ta dai gyaɗa kai kamar ita ta ƙera injin.

5. Kada ki saki

Illo ya maida fallensa aljihu. Duk da haka a ƙarƙashin katifar Hidaya injin ya wuni.

Gargaɗi: in ordinater ɗinki ya ci gaba da nawa, ba ruwana. Na Zalihatu, ranar kare littafin, sai da malamai suka gama shan shayi kafin ya buɗe. Amma da ya buɗe, memuwar na ciki.